Yadda Aka Yi Tela Ya Zama Kofur

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa makarantar horon nan lafiya. Allah Ya tsare ka a masauki da filin fareti, Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronSa, Ya raba ka da sharrin abokai da na cikinka, don na san ka da ci. Amin.

Labarin gida ba zan ba ka ba, yadda ka bar shi haka yake, sai dai innarka da har yanzu take tuƙa tuwo da rabonka a ciki, ni kuma ina taimaka mata da shi. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro daban ne. Tun kana ƙarami kake jin mutanen Bagudo suna ce mini Kofur. Ka sha tambayata, nakan ce dogon labari ne. Na kuma taɓa jin ka kana gaya wa abokanka wai babanka ya yi aikin kan iyaka kafin ya koma ɗinki, ban gyara maka ba, don gaskiya abin ya yi mini daɗi. To yanzu da za ka sa kakin gaske, dole in gyara. Ban taɓa aikin gwamnati ba ko na yini guda. Kofur ɗina na fim ne, kuma ko la'asar bai kai ba.

A lokacin ina saurayi, ina da shagon ɗinki a bakin kasuwa, ina neman innarka. Ita tana zaune a nan wurin gwaggonta tana taya ta suyar kifi, mahaifinta kuwa yana can Faranshi, tsallaken iyakar Benin, ban taɓa ganinsa ba. An dai ce mini mutum ne da ba ya ba da 'ya sai ya ga halin mai nema da idonsa. Sai ga wasu 'yan fim sun zo daga Kano za su ɗauki labarin 'yan fasa-ƙwauri. Shugabansu, wanda kowa ke ce wa Darakta, ya kawo mini wani kaki in rage masa ƙugu, saboda wanda zai sa shi ya kwana yana zarya bayan gida, kifinmu bai karɓe shi ba, ya zabge. Ina cikin aunawa Darakta ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa, ya ce, “Malam tela, kada ka rage komai. Sa mu gani.” Na sa. Ya ce, “Wallahi kamar don kai aka yanka shi. Gobe kai ne kofur.”

Kuskurena na farko ke nan, Abba: ban tambayi labarin ba. Ban ce kofur ɗin nan mutumin kirki ne ko azzalumi ba, ban ce me zai yi ba, wa zai yi wa. Madubin shagona kawai na duba, na ga kafaɗuna sun buɗe, na ce a raina yau 'yar mai kifi za ta san wanda ke nemanta. Kai da kake son kallo tun kana rarrafe ka sani, a kowane fim akwai bos, akwai yaran bos. Bos yana zaune a kujera mai juyawa yana shafa gemu, yaran su ne ke fasa ƙofar mutane, su ne kuma jarumi ke fara karya wa haƙarƙari. Ko suna ba a ba su. Ban taɓa ganin fim ɗin da aka nuna uwar yaron bos tana kuka ba, alhali na tabbata yana da uwa. Ni da na kashe kuɗin ɗinkina kaf a gidan kallo, ban taɓa tunanin zan iya zama ɗaya daga cikinsu ba. Don haka duk inda aka miƙa maka aiki, kafin ka duba yadda rigar ta zauna maka, ka tambayi abin da ake so a yi da ita.

Washegari da hantsi aka kai mu hanyar da ke fitowa daga iyaka. Aka ɗaura igiya daga wata darbejiya zuwa ganga, aka rataya mata jan ƙyalle, shinge ya samu. Aka liƙa mini gashin baki da gam, aka ba ni baƙin tabarau da hula da kulki. Mai kyamara ya shige wata bukkar masu gadin gona, ta ramin zana kawai yake leƙowa. Darakta ya koya mini kalma biyu. In ya ce “akshin” in fara, kuma ko sama za ta faɗo kada in tsaya sai ya ce “kat”. Ya maimaita har sau uku, ya ce 'yan ƙauye su ke ɓata masa kaset da yawan waiwaye. Na yi masa alkawari ni ba irin waɗannan ba ne.

Wanda zan tare ɗin, wani ɗan wasa ne da zai fito a ɗan fasa-ƙwauri bisa keke. Muka yi ta jira bai zo ba, ashe shi ma kifin ya kama shi. Rana ta fara zafi, gam ya fara narkewa, Darakta yana ta duba sama yana tsaki. Can sai ga wani dattijo ya ɓullo a kan keke, da farar riga da 'yar hula, ya ɗaure kwando a baya, yana tafe a hankali yana tauna goronsa. Darakta ya leƙo daga bayan bukka ya ce ƙasa-ƙasa, “Akshin! Tare shi!”

Na waiwaya na ce, “Darakta, wanga fa ba namu na ba.”

Ya ce, “Na sani, ai shi ya sa. Tsoron gaske za mu samu. Ci gaba, alhakin a wuyana.”

Na ɗaga kulki, na buɗe murya da Turancin da ni kaina ban san inda na samo shi ba. Dattijon ya sauka da sauri har takalminsa ya fita, ya cire hula ya ce, “Ranka shi daɗe, ƙwan zabi na, ba haja ta ba. Gaisuwa za ni.” Daga bukka na ji an ce, “Zazzage kwandon!” Hannuna ya ɗan tsaya, ba zan yi maka ƙarya ba, ya tsaya. Sannan ya zazzage. Ƙwan da aka jera cikin ƙaiƙayi da kulawa suka bi ƙasa, wasu a kan rigarsa, wasu a kan takalmin gwamnatin ƙarya da ke ƙafata. Ya dube su ya dube ni ya ce, “Mi niy yi, ranka shi daɗe?” Na waiwaya wajen bukka. Sai muryar ta sake fitowa, “Tsallen kwaɗo! Sa shi tsallen kwaɗo!”

Abba, na sa shi. Mutumin da a shekaru ya haife ni ya haifi yayana, ya kama kunnuwansa ya tsuguna, ya yi ta tsalle daga igiya zuwa gindin darbejiya, gwiwoyinsa suna ƙara, har wandonsa ya yage ta baya. Da ya ba ni baya kuma, sai na tuna tun safe da tabarau nake, in fim ya fito wa zai san ni ne? Na juya wajen ramin zana, na zare tabarau, na yi wa kyamara murmushi har da ɗaga gira, na mayar da shi kafin ya juyo. Sannan aka ce “kat”, 'yan fim suka fito suna tafi.

Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma shi ne babba. Duk wanda ya ce maka “alhakin a wuyana”, ka dubi wuyan da kyau, ka tambayi kanka ina zai kasance ranar da za a zo nema. Wuyan Darakta ya shiga mota washegari ya koma Kano tare da mai shi. Littattafan nan da ka bari, ƙanwarka takan karanta mini su in aiki ya yi sauƙi, kuma na lura da wata dabarar marubuta. In za su sa bawan wani mai mulki ya yi mugun aiki, sai su shiga da mu cikin zuciyarsa, mu ji yana tausayi, yana cewa ba yadda zai yi, har mu ma mu tausaya masa. To ni ma a ranar zuciyata cike take da tausayi, na rantse. Amma dattijon bai karanta wannan shafin ba, kyamara ma ba ta ɗauke shi ba. Abin da ya isa gare shi kulki ne da tsawa.

Ana cikin tafi, ba wanda ya tsaya yi masa bayani. Shi a zatonsa manyan ofis ne ke yaba wa yaronsu. Ya kakkaɓe riga, ya ɗauki hularsa, ya tsinci ƙwai biyu da suka tsira ya sa a aljihu, ya matso kusa da ni cikin ladabi ya ce, “Ranka shi daɗe, in an gama da ni, ko ka san shagon wani Sani Tela? Ɗiyata shika nema, ni kau niz zo in ga halinai.”

Ban san mutum zai iya yin gumi a tafin ƙafa ba sai ranar. Na nuna masa doguwar hanya, wadda ke zagayawa ta bayan makabarta. Ni kuma na faɗa gonar dawa a guje, ina tafe ina tuɓe kaki, na fizge gashin baki ya taho da fatar leɓena. Ko da ya iso ya same ni a kan keken ɗinki ina taka shi da natsuwa, kamar wanda bai taɓa ɗaga murya ba tun haihuwarsa. Na tarbe shi, na ba shi ruwa, na ba shi aron riga na sa aka wanke tasa, na ɗinke wandon da ya yage ban karɓi ko kwabo ba. Ya ba ni labarin abin da ya same shi, ni kuma na riƙe baki ina salati. Har na ce, “Allah wadan wanga azzalumi, Baba!” Ya ɗaga hannu ya ce, “A'a, kak ka zage shi. Ɗan wani na.” Ya ciro ƙwai biyun nan ya ba ni, ya ce sauran sun riga shi isowa ƙasa. Ya koma gida ya shaida wa dangi ya ga tela, yaro ne mai tausayi, a sa rana bayan kaka.

Kuskure na uku ke nan. Da na durƙusa a shagon na ce ni ne, da ranar za a yi ta ta ƙare. Sai na zaɓi in ci yabo a kan ɓarnar da na yi da hannuna. Kuma kada ka ce abin ya yi muni ne don ya zamo surukina. Da wani tsoho ne daga Lafagu ko Bahindi wanda ba ni da buƙata a gidansa, da har yau ina ba da labarin a majalisa ana dariya. Wannan tunanin ya fi komai ba ni kunya. In ka yi kuskure a bakin aiki, kuma za ka yi, ka faɗa da bakinka tun ɓarnar tana ƙarama.

Ana saura kaɗan biki kaset ya iso gidan kallon Audu Mai Janareto. Kafin magariba yara sun cika ƙofar shagona suna tsallen kwaɗo suna kiran “Kofur! Kofur!” Labari ya tsallaka iyaka ba tare da kowa ya tare shi ba. Na je zance, innarka ta ƙi fitowa, ta aiko a gaya mini in koma gida da irin tafiyar da na koya wa ubanta. Gwaggonta ta maido da kayan da na kai. Na kwana uku ban taka keke ba, don ina son yarinyar nan so na gaske, ga shi na ga aure yana zame mini a kan ƙwan zabi.

Ranar kasuwa sai ga dattijon a kan keken nan dai. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya ce, “Kai na?”

Na ce, “Baba, sa ni anka yi. Darakta ne ya ce in yi.”

Ya ce, “To madalla. Tashi mu tai ka gwada min shi.”

Na ce ai ya koma Kano. Ya ce ba komai, tunda an ce komai yana cikin kaset, mu je can. Bayan la'asar muka shiga gidan kallo, aka toshe taga da bargo, muka zauna a bencin gaba kafaɗa da kafaɗa, rabin Bagudo a bayanmu. Fim ya fara. Mutum na farko da ya fito, ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, “Wanga na?” Na ce a'a. Jarumi ya fito yana waƙa a bakin gulbi. “Wanga na?” A'a. Bos ya fito da ƙaton tumbi, ya ce lalle wannan ya yi kama da mai sa mutane aiki, na ce shi ma sa shi aka yi. Haka muka yi ta yi, har mai sayar da rake da ya gitta ta bayan jarumi sai da aka tambaye ni shi. Mutane suna ta danne dariya, ni kuwa haƙarƙarina ya yi tsami.

Sai wurin ya zo. Ɗakin ya yi tsit, janareto kawai ake ji. Ya kalli kansa yana sauka daga keke, ya kalli ƙwansa, ya kalli kansa riƙe da kunnuwa. Bai kau da kai ba, ni ne na sunkuyar da nawa. Sannan fuskata ta cika talabijin, ba tabarau, ina murmushi ina ɗaga gira. Da fim ya ƙare rubutu ya fara hawa, na yi wuf na nuna na ce, “Baba, ga sunansa can!” Ya ce shi bai ga kowa ba sai layuka suna gudu.

Ya juyo ya ce, “Yaro, tun farko har ƙarshe, bakin igiyag ga mutum biyu nig gani, ni da kai. Amma bari in tambaye ka. Shi ac ce ka tuɓe tabarau ka yi dariya?”

Na ce, “A'a, Baba. Wannan ni ne.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe akwai ka ciki.”

Na sauka daga benci na durƙusa a gaban jama'a, na ce, “Baba, duka ni ne. Igiyar ni ne, ƙwan ni ne, tsallen ni ne, ƙaryar shago ma ni ne. Ka yafe mini.” Wani daga baya ya ce a sa ni tsallen ni ma, ya ce a'a, shi ba darakta ba ne. Sannan ya ce, “Yanzu nis samu wanda za ni ba ɗiya. Da ka tsaya kan sa ka anka yi, da na hana, don ran da taz zo min da kuka, ban san hanyar Kano ba balle in kai ƙara.” Aka ɗaura aure bayan kaka kamar yadda aka sa. Innarka dai ba ta da haƙurin ubanta. Har gobe in muna gardama na fara ɗaga murya, sai ta ce “kat”, ni kuma in yi shiru. Yanzu ka san dalili.

Kada kuma ka karanta wannan ka je ka zama mai taurin kai, don wannan ma na gwada. Bayan abin nan na yi rantsuwa ba mai sake ba ni umarni sai ya kawo hujja. Ranar da za mu kai gaisuwa wurin dangin innarka a kwalekwale, mai jirgi ya ce mini, “Ango, zamna!” Na ce sai ya gaya mini dalili. Dalilin ya zo da kansa, igiyar ruwa ce, aka tsamo ni da babbar riga ta naɗe mini kai, hulata kuwa ta riga mu shiga Faranshi. Saboda haka ga abin da na iya tsinta, ni da ba malami ba. Umarnin da zai sauka a jikinka, tashi da asuba, gudu, goge takalmi, tsayuwa a rana, zama inda aka tura ka ko da babu wuta babu ruwa, ka yi shi ba gunaguni, shi ka je koya. Umarnin da zai sauka a jikin wani ko a kan kayansa, shi ne za ka tsaya ka duba ko doka ce ta ce, ko kuwa wani ne a bayan bukka yake son ganin tsoron gaske. In na biyun ne, ba sai ka yi tsawa ba. Ka ƙame, ka sara masa, ka ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba zan iya ba.” Ban san abin da zai biyo baya ba, ba zan ce maka da sauƙi ba. Wataƙila a hore ka, wataƙila a jefa ka wani daji, wataƙila ma a ce ka tuɓe. In ta kai ga haka ka dawo, keken ɗinki na biyu yana nan, innarka kuma dama ba ta daina tuƙa rabonka ba.

Abu na ƙarshe. Da aka haife ka, ni na roƙa a sa maka sunan kakanka, shi ya sa tun ranar suna ban taɓa kiran ka da shi ba sai Abba. Allah Ya jiƙansa, har ya rasu bai sake tayar mini da maganar ba, sai dai duk zuwan da zai yi da kwandon ƙwan zabi yake zuwa, ya miƙa mini da hannunsa yana cewa in riƙe da kyau. An ce mini in kun gama horo za a ɗinka wa kowa sunansa a ƙirjin riga. Na ogan naka ba zai hau rigarka ba. Duk tsohon da ka tsayar a hanya, in ya ɗaga kai, sunan da zai gani shi ne wanda ni ko furta shi ba na iyawa don kunya. Na taɓa sa mai sunan nan ya kama kunne a bakin igiya sau ɗaya. Don Allah, Abba, kada ka sa shi na biyu.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, kuma ka yi hankali da kifin da ba ka san shi ba. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare mutane daga hannunka, Ya tsare ka daga nasu, Ya dawo mana da kai lafiya da fuskar da za ka iya nunawa ko'ina. Amin summa amin. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sani Tela, wanda ake ce wa Kofur